Shekarun da Na Yi Ina Gadin Gindin Kabewa

A gidanmu da ke ƙasar Maraɗi ba a lissafa kabewa cikin abin da ake nomawa. Noma shi ne gero da dawa da wake da gyaɗa, aikin hauya da gumi. Kabewa kuwa ta mata ce, ta bayan ɗaki. Da ruwan shuka ya sauka, Inna za ta kwance tsumman da ta ƙulle iri a ciki, ta tona ƙasa kusa da danga, inda ruwan wanke-wanke ke malala, ta jefa ƙwaya biyu ko uku ta rufe. Kafin gero ya fid da kai, yaɗon ya haye danga ya bi rufin bukka. Da kaka a sauko da 'ya'yan a jera su ƙarƙashin gado, su kai mu har tsakiyar rani. Abin tsoro bai wuce awaki ba, sai ƙudan nan da ke huda 'ya'yan tun suna ƙanana su ruɓe. Da wannan sani na girma, cewa kabewa tsiro ne mai neman wuri da ruwa kawai, sauran kuma ta ji da kanta.

A ƙarshen shekarun 1990 na bi sahun 'yan ƙasarmu zuwa Amurka, garin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa. Garin ya tara mutanen Nijar da yawa, Hausawa da Zabarmawa, kusan kowa wani ɗan'uwansa ne ya jawo shi. Aikin masana'anta muke yi da tuƙi da lodin kaya, wasu da dare wasu da rana. Shekarun farko a bene muka yi su, ɗaki bisa ɗaki, mutum ba shi da ƙasar da zai ce tasa ce ko ta dasa barkono. Da iyalina suka iso muka kama hayar wani ƙaramin gida mai fili a baya. Ranar da muka tare, uwar yara ta leƙa filin ta ce, "Malam, ko kabewa za ta yi a nan?" Miyar taushe take kewa, irin wadda ake dafa kabewa a ciki har ta narke, a zuba gyaɗa da yakuwa da alayyafo, a ci da waina ranar Sallah.

Ƙasar wurin jar laka ce, in ta bushe ta yi tauri, in ta jiƙe ta yi danƙo, ba ta da alaƙa da jigawar da na saba. Na sassauta ta da takin ruɓaɓɓen ganye. Na jira har tsakiyar Afrilu ta wuce, lokacin da sanyi mai ƙona tsiro ke janyewa a yankin, sannan na shuka irin da ake sayarwa a kanti cikin 'yan ambulan: babbar kabewa mai ruwan lemo, da wata doguwa koriya da ake ci tun tana ɗanya, wadda suke kira zukini. Tsiron ya yi kyan da ban taɓa gani ba. Ganye ya yi faɗi, fure ya buɗe rawaya shar, 'ya'ya suka fara ɗaurawa. Duk ɗan'uwan da ya zo gaisuwa sai na zaga da shi baya ya gani.

Wajen ƙarshen Yuni sai abu ya sauya. Da rana ta take, ganyen wani gindi zai langaɓe, da yamma ya ɗan miƙe. Na ƙara ruwa. Washegari ya sake langaɓewa, daga nan bai ƙara tashi ba. Na kusa da shi ya bi baya, sannan na gaba. Ganyen babu tabo, babu huji, babu ƙwaro ko ɗaya a kansa, ƙasa kuma da danshinta. Abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda darajar 'yan kabewar ta kai, domin ni ɗan manomi ne, kuma a wannan ƙasa noma ne kaɗai abin da nake jin na zo da saninsa daga gida.

Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce baƙar fata, wadda ta tashi a gonar taba a gabashin jihar, ta kuma yi lambu a bayan gidanta tun kafin a haife ni. Ta daɗe tana kallona ta kan shinge ina juya ganye. Ranar nan ta zagayo da 'yar wuƙa a hannu ta ce, "Ɗana, rabu da ganye, dubi gindi." Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaga karan kabewar daidai inda ya fito daga ƙasa. Ga wani ɗan rami, bakinsa cike da wani abu kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Ta tsaga karan a tsaye, ta buɗe shi da yatsa. A ciki wata farar tsutsa ce mai kauri, kanta ruwan ƙasa, ta kusa gaɓar yatsa a tsawo. Ta cinye cikin karan ta bar ɓawo. Hanyar da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye ta yanke, shi ya sa ban-ruwan da nake yi bai isa inda ake bukatarsa ba. Na ce, "Mama, daga ina wannan ta shiga?" Ta ce, "Uwarta ta zo tun wata guda da ya wuce, da rana tsaka, kana kallonta."

Gaskiya ta faɗa. Na sha ganin wani ƙwaro yana shawagi a gindin kabewar, cikinsa ja mai ɗige-ɗigen baƙi, fukafukansa na gaba baƙaƙe masu sheƙin kore, na baya kuma garai-garai, ƙafafunsa na baya da gashi buzu-buzu. Duk wanda ya gan shi zai ce rina ce, ya kauce. Ashe dangin malam-buɗe-littafi ne, cikin jinsin da galibinsu da dare suke tashi, amma shi da rana yake yawo, kamannin rina kuma su ne garkuwarsa. Masana suna kiransa Melittia cucurbitae. Macen tana bin gindin kara tana manna ƙwai ɗai-ɗai, kowanne ɗan fele-fele, ruwan ƙasa, bai wuce milimita 1 ba, kuma mace guda tana iya zuba fiye da 100. Cikin mako guda zuwa kwana 10 ƙwan zai ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta huda karan nan take ta shige. Za ta yi mako 4 zuwa 6 a ciki tana ci, sannan ta fito ta nutse cikin ƙasa. A jihohin arewa masu dogon hunturu zubi ɗaya ƙwaron ke yi a shekara. A kudu, har da inda muke, yakan yi biyu, na farko daga wajen ƙarshen Mayu, na biyu kuma can cikin Agusta.

Wasu daga cikin waɗannan bayanai daga bakin Mama na ji su, sauran daga malaman gona. A garin akwai jami'ar aikin gona da fasaha ta A&T, wadda aka kafa a 1891 domin baƙar fata, kuma ita da ofishin malaman gona na gunduma suna amsa tambayar kowa, ko da lambunsa bai fi tabarma biyu ba. A wurinsu na fara jin abin da ya sauya yadda nake kallon kabewa. Asalinta na nahiyar Amurka ne. An tono 'ya'yan irinta a wani kogo da ke Oaxaca ta ƙasar Meziko, waɗanda suka kai kimanin shekara 10,000. Mutanen asali na nahiyar sun daɗe suna shuka ta tare da masara da wake a gona guda tun kafin Turawa su taka ƙasar. Daga baya jiragen ruwa suka ɗauki irin zuwa Turai da Afirka, har ya iso bayan ɗakin Inna. Iri aka ɗauka, ita kuwa tsutsar a cikin kara da ƙasa take zama, don haka aka baro ta. Sauƙin da muke gani ga kabewa a ƙasar Hausa sauƙin baƙuwa ce da ta yi nisa da tsohon maƙiyinta. Ni kuma na je na shuka ta a garinsu, inda maƙiyin ya san ta tun fil azal.

A wancan zamani da katin waya muke kiran gida. Sai ka kira wani shago a cikin gari, a tura yaro ya kirawo maka mutum, ka sake bugawa. A irin wannan kira na ba Baba labari. Bai yi mamaki ba, domin ya san tsutsar da ke huda karan gero, wadda ke laɓewa cikin busasshen kara duk tsawon rani, a danga da rufin rumbu, ta jira damina. Tambaya ɗaya ya yi mini: "To, ita taku a ina take cin rani?" Na ce a cikin ƙasa, nan gindin inda ta yi ɓarna, zurfin bai wuce santimita 2 zuwa 5 ba, cikin wani ɗan kwanso da take saƙawa da zare da ƙasa, a nan take kwana har hunturu ya wuce. Ya ce, "Ka san gidanta ke nan. Kada ka bar mata shi."

Daga wannan magana aikin kaka ya samo asali. Duk yaɗon da ya mutu, ranar nan nake tuge shi, in tsaga in kashe abin da ke ciki, in ɗaure a leda in kai shara, ba na zuba shi cikin taki. Bayan girbi in bi wurin da fartanya sama-sama, yadda kwanson zai fito fili tsuntsaye da sanyi su gama da shi. Mama ta ce a gonarsu ta da, kaji suke sakarwa su yi wannan aiki. Ta kuma hana ni zurfafa sara, saboda akwai wani ƙudan zuma na daji wanda furen kabewa kaɗai yake bi, ba ya yin saƙa, a cikin ƙasa yake haƙa raminsa kusa da gindin, sai dai nasa ramin ya fi na tsutsar zurfi. Shekara mai zuwa kuma kabewa ba ta komawa inda ta tsaya bara. Wurin ya zama na tumatir ko kuɓewa ko yakuwa.

Sauya wuri shi ke ba lulluɓi amfani. Ana sayar da wani farin yadi shara-shara mai barin haske da ruwa su wuce. Da an yi shuka sai a rufe kunyar da shi, a danne gefunansa da ƙasa ko bulo yadda ƙwaron ba zai sami kafa ba. In a wurin bara aka yi, ƙwaron daga ƙarƙashin yadin zai fito, ka ga an kulle ɓarawo tare da kaya ke nan. Da fure ya fara buɗewa kuma sai yadin ya zama matsala, domin ya tare ƙudan zuma. Ko dai a yaye shi, ko mutum ya yi aikin ƙudan da hannunsa. Kabewa tana da fure namiji da mace a jikin yaɗo guda. Namijin siririn wuya gare shi, macen kuma da 'yar ƙaramar kabewa a ƙarƙashinta. Da sassafe suke buɗewa, kafin azahar sun rufe. Sai a tsinko namijin, a cire masa rigar, a goga garinsa a tsakiyar macen, a mayar da yadi. Yarana suka karɓi wannan aiki a lokacin hutun makaranta. A nan, durƙushe a cikin kunya, suka riƙe kalmomin Hausa da yawa da ba su da inda za su ji su a wannan gari: yaɗo, toho, gaɓa, saiwa, yabanya.

Don in san ranar da ƙwaron ya iso, nakan ajiye roba rawaya cike da ruwa a gefen lambun, domin launin yana jansa ya faɗa ciki. Daga ranar da na ga na farko, bayan sallar asuba ba na komawa barci. In fita da hasken farko in bi gindi ɗaya bayan ɗaya, in shafa karan daga ƙasa zuwa kamar taƙi biyu, in duba ƙarƙashinsa da wuyan ganyen farko. Ƙwan da na gani in kankare shi da farce. Wasu gindin nakan naɗe su da takardar alminiyam ko tsohuwar safa, daga ɗan cikin ƙasa zuwa sama, in riƙa sassautawa yayin da karan ke kauri. Wannan dubawa ta safe ta fi duk wata dabara da na gwada amfani, kuma ba ta cin ko kwabo. Wanda ya kashe ƙwai ya huta da tsutsa.

In ta riga ta shige, sai fiɗa. Ana bin kashinta mai kama da dusa a gane inda take, a tsaga karan da reza a tsaye, domin yankan kwance yana datse jijiyoyin ruwa. A zaro ta da tsinke ko siririyar waya, a ƙara dubawa sama da ƙasa, don sau da yawa ba ita kaɗai ba ce. Sannan a haɗa bakin tsagar, a tula ƙasa mai danshi a kai, a ba da ruwa. Wani gindin ya tashi, wani bai tashi ba. Waɗanda suka fi tsira su ne waɗanda aka yi wa wata dabara da na tarar Inna tana yi ba tare da ta taɓa jin labarin wannan tsutsa ba. In yaɗo ya bi ƙasa, takan ɗebi ƙasa ta rufe gaɓoɓinsa nan da can, ta ce don ya ƙara ƙafa. Kowace gaɓa da aka binne tana fitar da saiwarta. Ko tsutsa ta kashe uwar gindin, yaɗon yana shan ruwa ta sauran wuraren, 'ya'yansa su nuna. Da na nuna wa Mama, ta ce haka mahaifinta ke yi. Mutum biyu, teku a tsakaninsu, hannunsu ya kai ga abu guda.

Maganin feshi ban cika dogara da shi ba, saboda dalili mai sauƙi: da tsutsa ta shiga kara, feshi ba ya kai mata. Amfaninsa yana cikin ɗan lokacin da ke tsakanin ƙyanƙyasa da huda. Akwai wanda ake yi daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, ana kiransa Bt, wanda sai tsutsa ta ci shi yake kashe ta, ba ya kuma cutar da ƙudan zuma. Ana fesa shi a gindin kara mako-mako, a maimaita in an yi ruwa, wasu ma da sirinji suke ɗura shi cikin karan. Wanda zai yi amfani da mai ƙarfi, malaman gona suna jan kunnensa ya jira yamma, ya tsaya a kara, kada ya taɓa fure. Mazan wannan ƙudan daji a cikin rufaffen furen suke kwana. Na sha buɗe fure da la'asar in tarar da su a ciki. Wanda ya kashe su ya kare yaɗo ya rasa 'ya'ya.

Abin da ya kawo mini sauƙi na dindindin shi ne zaɓen iri. Ba duk kabewa ƙwaron ke so daidai ba. Zukini da manyan kabewa masu ruwan lemo, da wata shuɗiya-shuɗiya mai suna Hubbard, karansu taushi gare shi da rami a ciki, su ya fi bi. Hubbard ma har shuka ta ake yi da gangan a gefen gona don ta janye ƙwaron daga sauran. Amma akwai jinsin da masana ke kira Cucurbita moschata, mai ƙaƙƙarfan kara cikakke, wanda tsutsar ke shan wuya kafin ta zauna a cikinsa. Cikin jinsin akwai mai dogon wuya da ake samu a kowane kanti, akwai kuma wadda ake dangantawa da ƙabilar Seminole ta jihar Florida, mai jure zafi da laima, mai yaɗo har ta haye bishiya. Mama ce ta ba ni irin wannan ta biyun cikin tsohuwar kwalba. Naman cikinta ja ne, mai zaƙi da kauri, ba ta da ruwa-ruwa, tana kuma yin watanni a ajiye. Da uwar yara ta yi taushe da ita, ta ce, "Malam, wannan ita ce." Na kuma shuka duma a jikin shinge don yara su ga inda ƙwarya da ludayi ke fitowa. Shi ɗan Afirka ne, ƙwaron bai damu da shi ba. Mama ta karɓi wasu ta fafe, ta rataye su a kan sanda tsuntsaye su yi sheƙa, kamar yadda mutanen kudu suka saba.

Daga nan lambun ya wuce bukatar gidanmu. In za a yi suna ko walima, ko buɗe-baki a masallaci, daga bayan gidanmu kabewar taushe ke fita. 'Yan'uwa suka fara karɓar iri, kuma duk wanda na ba sai na haɗa masa da bayani: ga watan da ƙwaron ke zuwa, ga kamanninsa, ga inda za ka duba. Wata rana wani Ba'amurke da ya tare a layinmu ya tsaya a bakin shingena yana tambayar abin da ke kashe masa zukini. Na bi shi gidansa, na durƙusa na ɗaga masa gindin. Takardun zama na riga na samu da daɗewa, amma a ranar nan ce na ji garin ya zama nawa, domin na san lokacinsa da ƙwarinsa har ina iya sanar da wani.

Mama ta rasu kafin in baro ƙasar. Ni yanzu na dawo gida, ɗana na fari kuma ya zauna a jihar Minnesota da iyalinsa. Da ya sayi gida mai fili ya kira ni yana neman in tsara masa yadda zai yi da kabewa. Na faɗa masa abin da ba ya sauyawa: ya duba gindi, ya binne gaɓa, ya sauya wuri, ya zaɓi iri mai cikakken kara. Lokaci kuwa na ce kada ya ɗauki nawa. A can ƙwaron sai ƙarshen Yuni zuwa Yuli yake fitowa, zubi ɗaya yake yi, har mutum yana iya jinkirta shukar zukini ya kauce masa, abin da ba ya yiwuwa a Karolina. Na ce ya nemi wanda ya fi kowa daɗewa yana lambu a layinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi. Ita ce shawarar da nake ba duk ɗanmu da ya sami ɗan fili a ƙasar wasu. Abin da iyayenmu suka koya mana na noma yana aiki a ko'ina, amma lokacin kowace ƙasa yana hannun mutanenta, kuma suna bayar da shi ga wanda ya tambaya.